Samsarin da Ba Ya Jin Hausa

A Mai Wurno, garinmu na Hausawa a ƙasar Sudan, lokacin da nake tasowa, ba wanda yake biyan kuɗi don ya kwana a ɗaki. In saurayi ya yi aure, ubansa ya yanka masa gefen gida, 'yan'uwa su taru su kwaɓa ƙasa, a ɗora jinka, shi ke nan. Kalmar ijar, wato haya, a bakin masu zuwa Sinnar da Madani muke jin ta, kuma ba da yabo suke faɗin ta ba. Saboda haka ranar da maigidana ya ce ya sami aikin kafinta a wajen ginin madatsar ruwa ta Rusairis, za mu koma Damazin mu kama haya, surukata ta daɗe tana kallonsa kamar ya ce zai tafi sata.

Ni ban ƙi ba. Shekarata ɗaya da aure, ban haihu ba tukuna, kuma na gaji da zama inda ko tari na yi sai an kai labari gidanmu. Muka ɗaure gadon igiya guda, da tabarmi biyu, da tukwanena, da turmina, muka hau lori.

Damazin a wancan lokacin ba gari ba ce, wurin aiki ne da mutane suka taru a gefensa. Ko ina ka duba ramuka ne da tarin tsakuwa da manyan motoci, ga mutane daga kowace kusurwa, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Duk wanda ya riga ka zuwa da wata shida, ya kafa itace huɗu ya rufa da ciyawa, ya zama mai gidan haya, yana magana ta hanci. Mun sauka wajen wata 'yar baffan maigidana, ɗakinta ɗaya da rumfa, ga 'ya'ya biyar. Ni na raɓa da su, shi yana kwana wajen ma'aikata. Kwana huɗu da zuwanmu ta fara ajiye kwano da ƙarfi. Ban ga laifinta ba.

Ranar Juma'a ba a aiki, sai maigidana ya ce zai je wajen samsari. Samsari shi ne dillali, mai haɗa mai gida da mai neman haya. Na ce zan bi shi. Ya ce ba a zuwa neman gida da mace. Na ce to shi zai yi girki a ciki? Mutum ne mai sanyi, ko gardama ba ya iya riƙewa har ƙarshe. Ya ce in yafa mayafina.

Mun sami samsarin a kasuwa, a rumfar mai shayi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Jallabiya fara ƙal, takalmin fatar damisa, sanda siririya wadda ba don tafiya aka yi ta ba, sai rawani mai girma wanda ya sauko har kan kunnuwansa, a cikin zafin da ko kare ba ya fitowa. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi da Larabci. Ya amsa da ƙyar, yana kallon wani wuri.

Tun kalma ta uku na san irin Larabcinsa. Irin namu ne, wanda aka koya a gonar auduga da bakin kasuwa, sai dai shi ya shafa masa mai. Haruffan maƙogwaro yake matsowa da ƙarfi kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Balaraben gaske ba ya wahala haka da harshen uwarsa. Na ɗan matsa na ce masa, "Sannu da hutawa, Malam. Ina gajiya?"

Ya juya wajen maigidana. "Me take cewa? Ni ba na jin rutana."

Rutana shi ne sunan da Larabawan ƙasar suke ba duk harshen da ba Larabci ba, kamar a ce kukan tsuntsaye. Maigidana ya yi sauri ya ba shi haƙuri, ya ce gaisuwa ce kawai. Ya ba shi haƙuri saboda na gaishe shi. Na ja mayafina.

Ya miƙe ya karkaɗe jallabiya, ya shiga gaba, muka bi. Ba ya nisa sai ya tsaya gaisawa da wani mai kanti ko wani ɗan sanda, don mu ga ya san mutane. Yawancinsu ɗaga masa hannu kawai suke yi su ci gaba da harkarsu.

Gida na farko yana bayan masu sayar da gawayi. Ɗaki ne na ƙasa, gajere, ƙofarsa faffaɗa, ba taga. An yi masa sabon yaɓe, har bai gama bushewa ba. Samsari ya tsaya a bakin ƙofa yana buga bango da sanda, yana cewa irin wannan gini ba a yin sa yanzu, da rani sanyi, da sanyi ɗumi, jiya ma wani malamin makaranta ya roƙe shi ya hana. Na shiga. A tsakiyar ɗakin akwai turke, an sare shi daidai ƙasa an rufe da yashi, na yi tuntuɓe da shi. A jikin bango, daidai tsayin ƙuguna, wuri ya yi santsi inda dabba ta shekara tana goga jiki. Warin kuwa, yaɓe goma ba zai ɓoye shi ba.

Na ce wa maigidana da Hausa, "Malam, tambaye shi ina suka kai jakin."

Bai tambaya ba. Cewa ya yi da samsari ɗakin ya yi kyau ƙwarai, sai dai muna so mu ƙara dubawa. Na lura bakin samsarin ya ɗan motsa lokacin da na ambaci jaki, amma ya maze.

Gida na biyu ya fi nisa, can gangare ta wajen kogi. Wannan kam ɗakin mutane ne, har da rumfa a gaba da bishiyar aduwa a tsakar gida. Na fara jin daɗi. Sai na ga wani layi ya zagaye bangon duka, ciki da waje, sama da gwiwa kaɗan. Ƙasan layin baƙi, samansa ja. Ƙasar tsakar gidan kuma baƙar laka ce, ta tsattsage har hannu yana shiga. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san ma'anar wannan. Wannan karon da kaina na tambayi samsarin, da Larabci, ina ruwa yake tsayawa da damina.

Bai dube ni ba. Ya ce wa maigidana ruwa bai taɓa shiga unguwar nan ba, layin ado ne, haka mutanen Khartum suke yi wa gidajensu yanzu. Ya ƙara da cewa mata ba su san gini ba. Maigidana ya yi 'yar dariya don ya taya shi. Na duba saman katanga na ga inda mai gidan ya rataye gadonsa da igiya a jikin aduwa, can sama, tun daminar bara bai sauke ba. Na nuna wa maigidana. Ya ce in bari mana.

Daga nan samsari ya tsaya a inuwa, ya share zufa, ya ce ya gane mu mutanen kirki ne masu son abu mai kyau. Akwai wani wuri da ba ya kai kowa. Gidan wani afandi ne, magatakarda a wani ofishin gwamnati, ginin jan bulo, rufin kwano, da famfo a tsakar gida, har da lantarki. Akwai ɗaki guda a baya. Ijar ɗin ba shi da yawa. Amma da sharaɗi.

Ya rage murya. Ya ce mutanen gidan ba sa son Fallata. Haka suke kiranmu duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, ko da kakanka a nan aka binne shi. Ya ce in an tambaye mu, mu ce 'yan ƙasa ne mu, daga wajen garin Kosti muke. Kada a ji rutana a gidan. Ba daka a turmi, ba miya mai wari. Ya nuna ni da sandarsa ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ita kuma ta rage magana."

Na jira in ji abin da maigidana zai ce. Kakansa da ƙafa ya taho daga Sakkwato, ya binne 'ya'ya biyu a hanya, kuma ba a yin zama a gidansu ba a ba da wannan labari ba. Abin da jikan ya tambaya shi ne, "Lantarkin har cikin ɗakin?"

Gidan yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa taka daɓen siminti a gidan zama ba sai ranar. Afandin ba ya nan, matarsa ce ta fito, wata mai jiki, hannu duk lalle da awarwaron zinariya, tana jan takalmi. Ba ta ce mu zauna ba. Ta kai mu bayan gida ta nuna ɗakin. Yana manne da madafa, gefensa kuma makewayi. An tara buhunan gawayi a ciki da wani tsohon keken ɗinki. Fitilar lantarkin tana nan kuwa, guda, rataye da waya, ƙudaje sun yi mata baƙi. Maigidana ya tsaya a ƙarƙashinta ya ɗaga kai kamar mai duban wata.

Matar ba ta tambayi sana'arsa ba. Ni ta zagaya. Ta kama hannuna ta juya tafin, ta latsa, yadda ake latsa akuya a kasuwa. Ta ce na iya yin kisra, wainar dawar nan tasu mai faɗi, ta yi laushi? Na iya wanki da guga? Ina da ciki? Na ce babu. Ta ce madalla, ba ta son kukan yara da safe. Ta ce surukarta tana kwance ba ta tashi, ana buƙatar mai juya ta da wanke ta, ba wani aiki ba ne, tunda ga ni a gida ba abin da nake yi.

Sai a nan na gane dalilin da ijar ɗin ba shi da yawa. Baiwa suke nema, wadda mijinta zai riƙa biya duk wata don a bar ta ta yi bauta.

Ta juya wajen samsari ta ce ya kyauta da ya kawo 'yan ƙasa. Wancan watan wasu Fallata suka zo nema, ta kore su tun daga ƙofa. Sun cika garin, in ji ta, da dakansu da warin miyarsu, ba a san inda suka fito ba, ba a san ranar tafiyarsu ba. Samsari ya ce wallahi gaskiyarta, shi ma ba ya hulɗa da su, ƙazamai ne. Ya yi tsaki. Tsakin ma irin namu.

Na dubi maigidana. Yana murmushi, yana gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

Ban shirya abin da na yi ba. Samsarin yana tsaye kusa da buhunan gawayi, ya ba ni baya. Na yi magana a hankali, da Hausa, kamar mai yi wa kanta zance.

"Malam, kada ka motsa. Ga kunama nan tana hawa rawaninka, ta kusa wuya."

Sanda ta tafi gabas, rawani ya tafi yamma. Ya yi tsalle ya faɗo tsakar gida yana kakkaɓe ƙeya da hannu biyu, yana cewa, "Ina take? Ina take? Wayyo Allah, ku kashe ta!" da Hausa tsantsa, wadda ta fi tawa daɗi. Kansa a aske, ga tsagen gidansu a gefen kunnuwa biyu, jere, ba wanda ya ɓace.

Matar afandi ta dube shi, ta dube ni, ta dubi maigidana. Na ce mata da Larabci, kalma ɗaya ɗaya don kada ta ce ba ta ji ba, mu Hausawa ne daga Mai Wurno, ina da turmi kuma kullum nake daka, surukarta kuwa Allah ya ba ta lafiya, ta wanke abarta. Na sa kai na fita. Ina jin ta a bayana tana zazzaga wa samsari, yana rantse-rantse yana naɗa rawani a karkace.

Maigidana ya biyo ni har muka kusa kasuwa. Sannan ya ce na kunyata shi a gaban mutane. Na ce waɗanne mutane? Ya ce dattijo ne, bai kamata in tona shi ba, kowa da yadda yake neman abincinsa, kuma da mun daure wata biyu da mun saba. Na ce, "Malam, ni ce zan saba. Kai da safe za ka ɗauki zartonka ka fita." Ya ce lokacin masallaci ya yi. Ya tafi ya bar ni a bakin hanya.

Mako guda muka yi ba ya tada zancen gida. 'Yar baffansa ta daina ajiye kwano da ƙarfi, ta koma yi wa 'ya'yanta faɗa a kan cin wuri. Na ga in na jira shi, a rumfar nan damina za ta same ni.

A tashar lori akwai wata tsohuwa mai sayar da soyayyar gyaɗa, kullum na je kasuwa ina ganin ta. Kowa Hajiya yake ce mata, ko da yake ba ta taɓa ganin Makka ba. Tun tana budurwa ta baro gida da niyyar hajji, ta yi aure a hanya, mijin ya mutu, ita kuma har lokacin cewa take tana kan hanya. Na tsuguna na gaishe ta, na ce, "Inna, ɗaki nake nema."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce ɗiyar da ta sa wa samsari kunama?"

Ashe labarin ya zaga kasuwa. Na ce ni ce. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta san uwarsa, tana can wani ƙauye kusa da Dindir tana sayar da daddawa, tun da ya naɗa rawanin nan bai taka ƙofarta ba. Ta tofar da yawu gefe, ta rufe farantin gyaɗarta, ta ce in biyo ta.

Gidanta yana kan tudu a ƙarshen unguwar Hausawa, an kewaye shi da zana. Bukkoki biyu ne, ɗaya tata, ɗaya babu kowa. Kafin in buɗe baki ta fara lissafa mini.

"Jinkan shina zuba wuri biyu, nan da nan. Ba ni gyarawa, mijinki kafinta ne. Akwai gara a wancan gefen. Ruwa sai kin tai kogi ko ki saya wajen mai jaki. Awakina suna shiga ko ina, in sun ci miki hatsi ke kika bari a buɗe. Ba ni son baƙi maza, ba ni ba da aron gishiri. In kin ga ya yi miki, to. In bai yi ba, kama hanya, gyaɗata tana jira."

Na shiga na duba ƙasan ɗakin, ba turke. Na duba bango, ba layi. Na ɗaga kai na ga rana ta wurare biyun da ta faɗa, na nemi na uku ban samu ba. Na ce ya yi.

Kada wani ya ɗauka na faɗa hannun uwa ta gari. Tsohuwar nan marowaciya ce ta ƙarshe. Takan leƙa tukunyata ta ce na cika mai, alhali ba ita ta saya ba. In na share tsakar gida ta ce na kwashe mata ƙasa. Awakinta sun cinye mini tabarma guda da rabin zanen aurena, da na yi magana ta ce ai ta faɗa mini tun farko. Ta faɗa kuwa. Shekara uku muna gida ɗaya ban ji ta yi mini ƙarya ba, ban kuma ji ta yi mini magana mai daɗi ba. Ko ranar da na haifi ɗiyata ta fari a bukkar nan, ita ta yanke cibiya, ta wanke jaririyar, ta miƙo mini ita ta ce hancin na uban ne, Allah ya kyauta.

Da yamma na gaya wa maigidana na sami ɗaki. Ya ce ta yaya mace za ta kama gida mijinta bai gani ba. Na ce ga hanya nan, ya je ya gani. Ya je, ya dawo yana cewa bukka ce, ba siminti, ba famfo, abokan aikinsa za su yi masa dariya. Na ce to ya kawo wani. Kashegari ya ari amalanke muka kwashe kaya. Jinkan kuwa sai da ruwan farko ya jiƙa masa gado sannan ya hau ya gyara.

Samsarin ya ci gaba da zama a rumfar mai shayi har muka bar garin. In ya hango ni sai ya sami abin dubawa a ƙasan kofinsa. Masu lori suna wucewa suna ce masa, "Ina take?" Bai fasa rawanin ba, bai kuma fasa cewa ba ya jin rutana ba. Baƙi kullum suna sauka a tasha, ba su san shi ba, suna bin sa.

Da babbar salla muka je gida. Bayan an ci nama, maza suka zauna a rumfar surukina, mu muna daga ciki muna jin su. Aka tambayi maigidana yadda ya yi ya sami wuri a garin da ake cewa ko rumfa ta gagara. Ya gyara murya. Ya ce ai sai da ya taka garin kaf da ƙafarsa, ya ƙi gidaje uku, har da na jan bulo mai lantarki, saboda an ce sai ya ɓoye asalinsa, shi kuwa jikan wane ne da zai yi haka. Dattawa suka yi ta sa masa albarka.

Surukata tana gefena tana yanka kitse. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ke kika samo, ko?"

Na ce, "I, Inna."

Ta ce, "Uban ma haka yake." Ta turo mini ƙwarya ta ce in kai musu ruwa.